Alhaji Mamman Shata Katsina, Mawaƙin Kalangu

A ƙasar Hausa kowace sana'a da irin kiɗanta. Manoma suna da gangar noma, wadda a kan kaɗa musu ran gayya don su ƙara himma. Maƙera suna da dundufa. Sarakuna kuwa suna da tambari da kakaki da algaita, da kuma taushi da kotso da jauje. Akwai kuma wata 'yar ganga mai siririn ƙugu, wadda a ke ratayawa a kafaɗa a matse ta a hammata, ita ce kalangu. A zamanin da, kalangu kiɗan mahauta ne, da 'yan mata da samari a dandali, ba a lissafa shi cikin kayan kiɗan fada.

To, akwai wani mutum guda wanda ya ɗauki kalangun nan ya shiga da shi gaban sarakuna, ya shiga da shi gidan rediyo, har ya ƙetare teku da shi. Sunansa Alhaji Mamman Shata. Ya rasu tun shekarar 1999, kafin a haifi ko ɗaya daga cikin yaran da ke karanta littafin nan a makaranta. Amma duk da haka, in ka bi ta bakin kasuwa a Tudun Wada, ko ka tsaya a wata tashar mota cikin Kano, da wuya ka daɗe ba ka ji muryarsa tana fitowa daga rediyon mai shayi ko daga wayar wani direba ba. Ga labarin yadda aka yi haka ta faru.

Haihuwarsa da Ƙuruciyarsa

An haife shi a garin Musawa, cikin ƙasar Katsina, a shekarar 1923, zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko. Sunansa na yanka Muhammadu, watau Mamman ke nan. Sunan mahaifinsa Ibrahim Yaro, mahaifiyarsa kuwa Lariya, dukansu biyu Fulani ne. Da ya yi wayo aka sa shi makarantar allo kamar sauran yara, kuma ya tashi yana taimakon mahaifinsa aikin gona. Bai shiga makarantar boko ba.

A ƙauyuka a wannan zamani babu rediyo, babu majigi, babu wutar lantarki. In an ci tuwon dare, musamman in da farin wata, sai samari da 'yan mata su hallara a dandali. 'Yan mata suna gaɗa, samari suna nasu wasanni, mai kalangu yana kiɗa, wani ya ba da waƙa saura su amsa. A irin wannan wuri ne Mamman ya fara waƙa, cikin wani wasan samari da a ke kira asauwara. Da fari don nishaɗi kawai ya ke yi, ba don a ba shi ko anini ba. Ba a jima ba sai tsararrakinsa suka lura da abu biyu game da shi. Na ɗaya, muryarsa tana da ƙarfi, tana kai wa nesa. Na biyu, magana ba ta ƙare masa. Duk abin da ya gani a wurin, nan take sai ya sa shi cikin waƙa.

Amma mahaifinsa bai yi murna da wannan abu ba ko kaɗan. Dalili kuwa, Hausawa suna kiran mai kiɗa da waƙa maroƙi, watau wanda ke cin abinci da abin da ya roƙa a hannun mutane. Suna son waƙarsa, suna yi masa kyauta, amma ba su ɗauke shi a bakin babban mutum ba. Har wa yau kuma, kiɗa sana'ar gado ce. Ɗan makaɗi shi ke zama makaɗi, kamar yadda ɗan maƙeri ke zama maƙeri. Gidan Ibrahim Yaro kuwa ba a taɓa yin maroƙi ba. Saboda haka ya ga abin kunya ne ƙwarai a ce ɗansa na cikinsa ya zama mawaƙi. Abin da ya ke so shi ne yaron ya riƙe noma, ko kuwa ya yi fatauci, ya ci guminsa da mutuncinsa. Ya yi faɗa, ya hana, amma waƙa ta riga ta shiga jinin yaro.

Yadda Ya Sami Sunan Shata

Mamman bai ƙi bin maganar mahaifinsa gaba ɗaya ba. Ya taɓa ciniki, ya sayar da goro, daga baya kuma ya yi tallan alewa, yana bin kasuwannin ƙauye. Sai dai ciniki bai karɓe shi ba, domin hannunsa ba ya riƙe kuɗi. An ce in ya sayar da goronsa, kafin ya iso gida ya rabar da ribar ga mutanen da ya gamu da su a kasuwa ko a hanya, sai ya komo hannu wofi. In an tambaye shi inda kuɗi su ke, sai ya ce ya yi shata da su, watau ya watsar da su kyauta. Daga nan wani ɗan'uwansu da a ke kira Baba Salamu ya riƙa kiransa Mai Shata. Sannu a hankali sunan ya bi shi, har ya danne sunansa na yanka.

Ko da ya ke ciniki bai yi masa riba ba, yawon kasuwanni ya koya masa abin da ya fi kuɗi amfani gare shi. Ya ga mutane iri iri, ya ji yadda kowa ke magana, ya san halin mai kuɗi da na matalauci, ya san sunayen garuruwa da hanyoyinsu. Duk waɗannan abubuwa ya adana su a ka, daga baya suka zama kayan aikinsa. A ƙarshe ya ajiye tallan alewa, ya nemi makaɗa da 'yan amshi, ya kama waƙa sosai, ya yarda da duk abin da za a ce da shi.

Daga Bakori zuwa Kano

Kowane mawaƙi yana bukatar ubangida, wanda zai riƙe shi, ya ba shi masauki da sutura, ya kuma gabatar da shi ga manyan mutane. Ɗaya daga cikin iyayen gidan Shata na farko shi ne Abdullahi Inde, wani ɗan sarautar Musawa, wanda ke aikin En'e a Bakori, wajen sayen auduga da gyaɗa. Shi ne ya kira Shata ya komo Bakori da zama. A can Shata ya yi aurensa na fari, daga can kuma ya riƙa fita da jama'arsa zuwa garuruwa, har Katsina, har Kano.

Kano a lokacin nan ita ce babbar kasuwar Arewa duka. Jirgin ƙasa yana zuwa daga Ikko, dalar gyaɗa tana tsaye, fatake suna shigowa daga kowace kusurwa. Duk mawaƙin da Kano ta karɓa, to, ƙasa duka ta karɓe shi. A shekarar 1952, zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero, aka yi wani gagarumin biki wanda a ke kira Bikin 'Yan Sarki, inda 'ya'yan sarauta wajen 12 suka yi aure a lokaci guda. Makaɗa suka taru daga ko'ina, kowa yana nuna iyawarsa. Shata ma ya zo da kalangunsa, yana da shekara 29 da haihuwa. Wasan da ya yi a bikin nan shi ya fito da shi sarari. Mutanen da suka zo daga garuruwa dabam dabam suka koma gida da labarinsa a bakinsu.

A shekarar 1960, shekarar da Nijeriya ta sami mulkin kai, Shata ya tashi daga Bakori ya koma Funtuwa. Funtuwa gari ne na auduga, ga tashar jirgin ƙasa, ga hanyoyin mota da suka haɗu a nan, masu zuwa Zariya da Gusau da Katsina. Wanda sana'arsa ta tafiye-tafiye ce ba ya samun mazaunin da ya fi wannan. Nan ya kafa gidansa, nan ya zauna wajen shekara 40, har ƙarshen ransa.

Yadda Ya Ke Waƙa

Ya kamata a san yadda kalangu ya ke, don a gane aikin Shata. A kan sassaƙa ice a rarake cikinsa, a bar tsakiyarsa siririya, bakinsa biyu kuwa masu faɗi. Sai a rufe kowane baki da fata, a haɗa fatun nan biyu da tsarkiya masu yawa. In makaɗi ya matse tsarkiya da hannunsa, fata ta kan ɗaure, sauti ya hau sama. In ya sassauta, sauti ya sauko. Harshen Hausa kuwa da ma da hawa da sauka a ke faɗinsa. Dubi kuka na hawaye da kuka ta miya. Rubutunsu ɗaya ne, amma da ka faɗe su kunne zai rarrabe, domin muryarka ta kan sauko a ƙarshen kuka ta miya. To, da ya ke kalangu yana iya hawa da sauka kamar muryar mutum, gwanin makaɗi ya kan sa shi ya yi magana, mai sauraro kuma ya gane abin da ya ce.

In Shata zai yi wasa, ya kan tsaya a gaba, makaɗan kalangu da mai kuntuku suna bayansa, su ne kuma ke yi masa amshi. Ga kuma maroƙi a gefe, yana yi wa mutane kirari, yana shelar kyautar da aka bayar. Shata ya kan fara ba mutanensa amshi, watau 'yar gajeriyar magana wadda za su riƙa maimaitawa. Da amshi ya zauna, kiɗa ya daidaita, sai ya shiga zuba ɗiyan waƙa ɗaya bayan ɗaya, yana tsayawa su amsa, ya kuma ɗora.

A nan ne ya bambanta da makaɗan fada. Manyan makaɗan fada, irin su Ibrahim Narambaɗa na Isa, da Salihu Jankiɗi na Sakkwato, da Musa Ɗanƙwairo na Maradun, su kan zauna da yaransu su shirya waƙa, su yi ta bita har kowa ya haddace, sa'an nan su kai ta gaban sarki. Shata kuwa ba ya zaman shirya waƙa, ba ya rubutawa. A wurin da ya tsaya, nan ya ke ƙaga ta. Saboda haka in ya rera waƙa guda sau biyu, amshi ɗaya ne, amma ɗiyan ba su zama daidai da juna. Har wa yau, makaɗin fada na sarki guda ne, ba ya yi wa talaka waƙa. Shata kuwa bai ɗaure kansa a ƙofar kowa ba. Wanda ya ga dama shi ya ke yi wa.

Wannan tsari na mai bayarwa da masu amsawa ba na Hausawa kaɗai ba ne. Haka Yarabawa su ke yi, haka Dagwamba na ƙasar Gana, kuma dukansu suna da ganga mai magana irin kalangu. Mutanen Afirka ta Yamma da aka kwashe zamanin cinikin bayi aka kai Amurka da Barazil, an raba su da dukiyarsu da danginsu, amma ba a iya raba su da wannan tsari ba. Da shi suka riƙa waƙa a gonakin auduga da rake, har ya zama ɗaya daga cikin tushen kiɗan baƙar fata na can, wanda duniya duka ke saurare yanzu.

Waɗanda Ya Yi wa Waƙa

Shata ya yi wa sarakuna waƙa, kamar Sarkin Kano Ado Bayero, da Sarkin Zazzau Shehu Idris, da babban ubangidansa Sarkin Daura Muhammadu Bashar, wanda ya hau gadon sarauta a shekarar 1966. Ya yi wa Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello, Firimiyan Jihar Arewa. Ya yi wa hakimai da attajirai da malamai. Amma bai tsaya nan ba. Ya yi wa direbobi, da dogarai, da 'yan kasuwa, da mata, da mutanen da ba su da sarauta ko dukiya, sai dai wani alheri da suka taɓa yi masa. Akwai mutane da yawa waɗanda da ba don waƙarsa ba, da tuni an manta da sunansu, yanzu kuwa har yara sun san su.

Ba yabon mutane kaɗai ya iya ba. Ya yi waƙar yabon Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Ya yi waƙoƙi na gargaɗi, yana kiran mutanen Arewa su bar lalaci su tashi su nemi ilmi da sana'a. Sa'ad da aka yi yaƙin basasa a Nijeriya, daga 1967 zuwa 1970, ya yi wa soja waƙa yana ƙarfafa musu zuciya. A watan Yuli na 1969, da Amurkawa suka harba kumbon nan Apollo 11, mutum biyu daga cikinsa suka sauka suka taka wata da ƙafafunsu, Shata ya yi wa kumbon waƙa. Mutanen ƙauye da yawa waɗanda ba su karanta jarida, a bakinsa suka riƙe labarin.

Akwai kuma wata waƙa tasa da a ke kira Bakandamiya. A cikinta ya ke yi wa kansa kirari, yana faɗin fifikonsa a kan sauran mawaƙa, yana lissafa garuruwa da ƙasashen da ya taka. Ya yi ta rera ta shekara da shekaru, kullum yana ƙara mata sababbin ɗiya. Ita ce a ke ɗauka uwar waƙoƙinsa. Yawan waƙoƙinsa duka kuwa, shi kansa bai iya ƙidaya su ba.

Rediyo da Faifai

Kome ƙarfin muryar mutum, iyakarta filin da ya tsaya. Mawaƙa nawa aka yi a ƙasar Hausa a zamanin da, gwanaye ƙwarai, waɗanda waƙarsu ta bi su kabari, domin babu abin da zai riƙe muryarsu? Shata ya yi sa'a, ya zo daidai lokacin da na'urar ɗaukar magana ta iso. Saboda haka labarinsa ba ya cika sai an ambaci waɗansu mutane da ba su kiɗa, ba su waƙa, amma su ne suka kai waƙa inda mawaƙi bai taɓa zuwa ba. Su ne shugabannin gidajen rediyo da ma'aikatansu, da masu kamfanonin faifai, da 'yan kasuwa masu sayarwa.

A shekarar 1962 gwamnatin Sardauna ta kafa gidan rediyo da talabijin a Kaduna, tare da taimakon waɗansu kamfanoni biyu na Ingila, Granada da EMI. Rediyon Kaduna yana da ƙarfi ƙwarai, ana jinsa a duk faɗin Arewa, har Nijar da Gana da Kamaru da Cadi. Ma'aikatansa suka riƙa kiran mawaƙa suna ɗaukar muryarsu, suna sa wa jama'a, suna kuma adanawa. Ta haka Bahaushen da ke zaune a zangon Kumasi, da makiyayi a dajin Maraɗi, da ɗan kasuwa a Kano, suka zama suna jin Shata a sa'a guda.

Kamfanin EMI kuma ya buga waƙoƙinsa a faifai. Faifan garmaho na farko ƙanana ne, gefe guda ba ya ɗaukar abin da ya wuce kamar minti 3. Daga baya aka sami babban faifai, mai ɗaukar wajen minti 20 a kowane gefe, wanda ya fi dacewa da dogayen waƙoƙi irin na Shata. Sa'an nan a shekarun 1970 kaset ya yawaita, ga araha, ga sauƙin ɗauka, har ya zama da wuya ka shiga motar haya ba ka tarad da kaset ɗin Shata a ciki ba. Yanzu faifai da kaset sun ja da baya, waƙoƙin sun koma cikin waya da intanet, amma asalinsu ɗaukar nan ce da mutanen rediyo da na kamfani suka yi tun yana da rai.

Shi ma da kansa ya yi tafiye-tafiye da yawa. Ya sauke farali a Makka, shi ya sa a ke ce masa Alhaji. Ya zaga ƙasashen Afirka ta Yamma inda Hausawa ke zaune, ya je Ingila, ya je Amurka, ya yi wasa gaban mutanen da ba su jin Hausa ko kalma guda, suka kuwa saurara.

Halinsa

Halin nan na kyauta da ya ba shi suna tun yana yaro bai rabu da shi ba har ya tsufa. An ba shi kuɗi da riguna da dawaki da motoci ba iyaka, shi kuma ya yi ta bayarwa ga makaɗansa da 'yan'uwa da mabukata. Kuma ko da ya ke sunansa maroƙi, ba ya ƙasƙantar da kansa gaban kowa don abin hannunsa. In bai ga dama ba, ko nawa za a ba shi ba ya yin waƙa. Noman nan kuma da mahaifinsa ya so ya riƙe, bai yar da shi ba, ya yi gonaki a ƙasar Funtuwa.

Amma ɗan Adam tara ya ke bai cika goma ba. Shata mutum ne mai zafin rai, harshensa kuwa kaifi biyu gare shi. Kamar yadda ya iya yabo, haka ya iya zambo. Wanda ya ɓata masa rai, in ya sa shi a waƙa, sai ya rasa inda zai sa kansa don kunya, gari duka ana rera abin. Saboda haka waɗansu suna girmama shi don ƙauna, waɗansu kuwa don tsoron bakinsa. Akwai kuma waɗansu waƙoƙinsa na shagali waɗanda malamai ba su yarda da su ba, suka yi masa faɗa a kansu. Wanda Allah ya ba baiwar magana, an ba shi abu mai nauyi, domin magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komowa, balle wadda aka ɗauka a faifai.

Ya kuma taɓa siyasa. A shekarun 1970 an zaɓe shi kansila a ƙaramar hukumar Kankiya. Daga baya, zamanin jam'iyyu biyu na farkon shekarun 1990, ya zama shugaban jam'iyyar SDP na ƙaramar hukumar Funtuwa, amma bai daɗe ba suka saɓa da 'yan jam'iyyar, aka sauke shi. Mutumin da ya saba faɗin abin da ke ransa a gaban kowa, siyasa ba ta cika yi masa daɗi ba.

Girman da Ya Samu

Tun Shata yana tsakiyar ƙarfinsa masana suka fara lura da cewa waƙoƙinsa ba abin nishaɗi kaɗai ba ne, taska ce ta harshen Hausa da tarihin mutanenta. A shekarar 1975 wani malami, Ɗandatti Abdulƙadir, ya rubuta babban littafin bincike a kan Shata, ya sami digirin dakta da shi a Jami'ar Indiana ta Amurka. Malamin nan daga baya ya zama shugaban Jami'ar Bayero ta Kano. Gwamnatin Tarayya ta ba Shata lambar girma ta ƙasa, wadda a ke kira MON. A shekarar 1988 kuma Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin dakta na girmamawa. Aka sa masa riga da hula irin ta manyan masana, a gaban sarakuna da shaihunan malamai. Tun daga ran nan a ke ce da shi Dakta Mamman Shata.

Ku duba wannan al'amari. Yaron da mahaifinsa ya ji kunyar a kira shi maroƙi, wanda bai taɓa zama a aji ba, shi ne jami'a ta kira ta ɗaukaka, saboda sana'ar nan da aka raina. Ba shi kaɗai ya amfana ba. Dukan makaɗan Hausa sun sami daraja ta dalilinsa, mutane suka fara ganin kiɗa da waƙa aiki ne na hankali da basira.

Rasuwarsa

Da tsufa ya kama shi sai ciwo ya same shi. Aka kwantar da shi a asibiti a Kano, aka kuma kai shi Jidda ta ƙasar Makka aka yi masa aiki, ya ɗan sami sauƙi ya komo gida. Daga baya ciwon ya tashi, aka kai shi Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, a birnin da ya fara yin suna shekara 47 kafin nan. A nan Allah ya karɓi ransa, ran Jumma'a, 18 ga watan Yuni, 1999, yana da shekara 76. Aka ɗauki gawarsa aka kai Daura, garin ubangidansa Sarki Muhammadu Bashar, aka yi masa salla tare da Sarki da jama'a mai yawa, aka rufe shi a can. Ya bar mata 3 da 'ya'ya 19 da jikoki da dama. A shekarar 2006 Ibrahim Sheme da abokan aikinsa uku suka fitar da babban littafin tarihinsa. Allah ya ji ƙansa, ya gafarta masa kurakuransa, amin.

Mahaifin Shata ba mugunta ta sa ya hana shi waƙa ba. So ya ke ɗansa ya zama mai mutunci, mai cin guminsa, kuma kowane uba na kirki abin da ya ke so ke nan. Abin da bai sani ba shi ne, mutunci ba a cikin sunan sana'a ya ke ba, yana wajen mai yin ta ne. Shata ya ɗauki sana'ar da ba ta gidansu ba, da gangar da ba ta fada ba, ya yi shekara fiye da 50 yana aiki da su ba gajiya, har ya kai su inda ba wanda ya zata. Saboda haka in kun ji kalangu yana tashi a rediyo, ku kasa kunne da kyau, ku ji yadda a ke sarrafa harshenku. In kuma kun ga wani yana wata sana'a da mutane ke rainawa, kada ku yi masa dariya, domin ba ku san inda za ta kai shi ba.

Tambayoyi

1. A wane gari aka haifi Mamman Shata, kuma a wace shekara?
2. Me ya sa mahaifinsa bai so ya zama mawaƙi ba?
3. Yaya aka yi ya sami sunan Shata?
4. Wane biki ne ya fito da shi a Kano, kuma zamanin wane sarki?
5. Ta yaya kalangu ke yin magana?
6. Faɗi bambanci biyu tsakanin Shata da makaɗan fada.
7. Su wane ne suka taimaka muryarsa ta kai ƙasashe masu nisa?
8. Tambayi wani dattijo a unguwarku irin kiɗan da a ke yi a dandali sa'ad da ya ke yaro, ka rubuta abin da ya gaya maka.